Ta'aziyyar da Kawu Ya Kai Lyon

Asubar fari muka fito daga unguwarmu La Courneuve, mu uku: ni, da kawuna, da wata ƙawata Bakanuwa da ke karatun digiri na uku a nan Paris. Da yawanku kun ga hoton da na saka muna bakin jirgin ƙasa, kuna ta tambaya ko biki muka tafi Lyon, har wata ta ce kada in manta da ita a rabon kayan biki. To ba biki ba ne. Ta'aziyya muka je, wurin mutanen da ba mu taɓa gani ba, su ma ba su san da zuwanmu ba.

Ga yadda abin ya faro. Kawu yayan mahaifiyata ne, tsohon ma'aikacin gidan waya a Damagaram, ya zo wurina a duba masa idanu. Wata rana ƙawar tawa ta zo gaishe shi, cikin hira ta ce ta ga sanarwa cewa wata ƙungiyar unguwa a Lyon ta gayyato dattawa daga Kanada, 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar a can. Su ne aka ƙwace daga hannun iyayensu suna ƙanana aka zuba a makarantun kwana, aka yanke musu gashi, aka hana su harshensu. Da yawa sun mutu a can, an binne su ba a ko gaya wa iyayen ba. Waɗanda suka rayu ne za su zo su faɗi abin da idonsu ya gani. Kawu ya ajiye kofin shayinsa, ya ce ya ji labarin a rediyo lokacin da ake maganar kaburburan. Sai ya tambaya, "An je an yi musu gaisuwa?" Ƙawata ta ce, "Kawu, ai lacca ce." Ya ce shi bai san wata lacca ba, abin da ya sani mutane sun yi rashi kuma sun zo kusa, saboda haka za shi.

Na kawo maganar likita da ya ce ya huta, na kawo maganar tsadar tikiti, na kawo gwiwoyinsa. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ƙara mini da sharaɗi: daga fitarmu ƙofa har mu dawo, ba zai furta kalmar Faransanci ko guda ba, kuma gaisuwar da Hausa zai yi ta, a gaban kowa. Wanda bai san Kawu ba ba zai gane abin mamakin ba. Mutumin nan ni da nake aiki da Faransawa kullum gyara mini magana yake, likitan idon ma sai da ya tambaye shi a wace jami'a ya koyar. Yana cikin yaran da gardi, dogaran Turawa, suka kwasa daga ƙauye aka kai lakwal, wato makarantar boko, da ƙarfi zamanin mulkin mallaka. Iyakar abin da na sani ke nan, don a gidanmu ba a zancen.

Jirgin unguwa na asuba namu ne, duk wanda ke Paris ya san haka. Baƙar fata da Larabawa ne cike, masu shara, masu gadi, masu wanke-wanke a otal, kowa ya jingina kai da taga yana biyan bashin barci. Wani saurayi ya tashi ya ba Kawu kujera ba tare da an roƙe shi ba. Kawu ya sa masa albarka da Hausa har muka wuce tasha guda, saurayin bai ji ko kalma ba amma yana ta cewa amin. A cinyar Kawu akwai ƙunshin goro da dabino da ya sa na je har unguwar La Goutte d'Or na sayo, ya ce ba a zuwa gidan rashi hannu rabbana. Goron nan, in na faɗa muku yadda na saye shi, za ku ce da zinariya aka yayyafa masa ruwa.

A tashar Gare de Lyon da ke Paris muka hau babban jirgin. Ba mu daɗe da tashi ba mai duba tikiti ya iso, ya nemi Kawu ya nuna shaidar shekarunsa. Kawu ya juyo gare ni da fuskar salihai ya ce, "Ɗiyata, me yaron nan ke cewa?" Na fassara masa abin da ya fi ni ji. Mai duba tikitin ya ga tsoho da hula da babbar riga, sai ya sunkuyo yana yi masa magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai lallaɓa ɗan yaye. Raina ya ɓaci har na buɗe baki, Kawu ya taka mini ƙafa. Da mutumin ya wuce ya ce, "Bar shi, Faransancin nasa ma da sauran gyara." Ƙawata ta yi dariya har ta ƙware da ruwa. Ya ce mata ita Bakanuwa ba ta da bakin dariya, su da Baturen Ingila ya saya da araha. Ta ce gara su, Damagarawa har yau da burodin Faransa suke shan miyar kuka. Haka suka yi ta yi, kun san Kano da Damagaram in sun haɗu.

Jirgin gudu yake kamar an biyo shi, amma ko shayin da ke gabanka ba ya motsi. Ta taga gonaki ne kore shar da fararen shanu masu ƙiba, ba makiyayi ba kare. Kawu ya daɗe yana kallonsu, ya ce shanun nan sun ƙoshi amma kaɗaici ya yi musu yawa. Na je wurin sayar da abinci na dawo hannu wofi, don kuɗin kofin gahawa ɗaya ya isa mutum ya ci tuwo ya ƙoshi a gida har ya yi kyauta. Muka kwance kilishinmu. Ƙamshin ya cika taragon, wata tsohuwa da ke gefe ta yi ta leƙe har na miƙa mata, ta ci ta yi hawaye ta sake miƙo hannu.

Muna cikin cin kilishin ne ƙawata ta tambaye shi abin da ni ban taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba, wato me ya sa sai da Hausa. Ya ce a lakwal ɗinsu akwai wani abu da ake kira sambol, ƙashin kan jaki ne aka ɗaura wa igiya. Duk yaron da aka ji ya yi Hausa sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya sauke masa. Wanda abin ya kwana a wuyansa, da safe mushe, wato malamin, zai zane shi a gaban aji. Ya ce, "Bulalar ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni, an mai da mu muna farautar juna. Yaro ya yi mafarki ya kira innarsa, na kusa da shi ya tashi da murna ya samu wanda zai rataya wa." Na ji kunya, na ji haushi, kuma haushin ya fi yawa.

Lyon gari ne mai koguna biyu da tuddai, ya fi Paris tsafta da natsuwa, mutanensa ba sa bangaje ka a hanya. Sai dai abincin da suke alfahari da shi rabinsa alade ne, ko'ina ka duba ga shi a rataye. Muka gangara unguwar Guillotière inda namu suke, muka samu shagon wata 'yar Senegal muka ci shinkafa da kifi mai rai da lafiya. Ita ta shimfiɗa mana darduma a bayan shagon muka yi azahar. Ƙawata ta sayi wani burodi mai jajayen ƙwayoyin sukari da aka ce sai a Lyon, Kawu ya ɗanɗana ya ce wannan ai alewa ce ta yi shigar burodi.

Zauren taron a kan tudu yake, kuma hawan bai yi wa gwiwoyin Kawu daɗi ba. Muna hawa muna hutawa, ni ina riƙe da hannunsa, ƙawata tana riƙe da goro, har muka makara. Da muka iso, matakalar ƙofar cike take da takalma, an jera su reras, hagu da dama. Kawu bai yi wata-wata ba ya tsaya ya tuɓe nasa, ya jera su a gefe. Mu ma muka tuɓe. Har na ce a raina mutanen nan sun san ladabi, gidan rashi guda ba a shiga da takalmi. Na lura ƙanana sun yi yawa, amma na ɗauka an zo da 'yan makaranta ne.

Sai da muka zauna na dubi ƙasa. Kowa da takalminsa a ƙafa, mu kaɗai ne da safa, kuma babu yaro ko ɗaya a zauren. Can sai ga mai shirya taron, wata Bafaranshiya mai gajeren gashi, ta lallaɓo ta sunkuya tana raɗa mini. Ta ce takalman waje ba na masu shiga ba ne, an ajiye su ne don tunawa, kowane takalmi ƙafa biyu yana madadin yaron da aka kai makarantun nan bai dawo gida ba. Ta roƙi mu je mu ɗauke namu. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na gaya wa Kawu, duk da na san ya ji. Ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya ce, "Ku ɗauko naku. Nawa a bar su." Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, na yara ne." Ya ce ya ji, a bar su. Matar ta ga za a fara, ta ce za mu yi magana daga baya.

Dattawa uku ne suka yi magana, duk sanye da riguna ruwan goro, amma wadda ta tsaya mini a rai wata tsohuwa ce mai farar kitso biyu har ƙirji. Da harshenta ta fara, ta daɗe tana yi, ba ta bari an fassara ba. Na ga wasu suna gyara zama suna duban agogo. Ko a jikinta. Da ta koma Ingilishi, abin da ta fara cewa shi ne an doke ta don ta manta da wannan harshe, saboda haka yau duk wanda ya zo jin ta sai ya fara jin sa. Ƙawata na raɗa wa Kawu da Hausa, tunda ya toshe kunnensa daga tafintan Faransanci. Tsohuwar ta faɗi ranar da aka zo da mota aka ɗauke su, da yadda aka raba ta da ƙanwarta a bakin ƙofa, suna makaranta ɗaya amma ba halin su gaisa. Wata safiya ta ga an naɗe katifar ƙanwar. Ba wanda ya ce mata komai, har yau ba ta san inda aka sa ta ba. Ba ta yi kuka ba, kuma ta ce ba ta zo neman tausayin kowa ba, ta zo ne a san suna nan, ba su ƙare ba. Ni dai na yi kukan a madadinta. Abin da aka yi wa mutanen nan ya wuce duk abin da na taɓa ji, kuma ba zan haɗa shi da na kowa ba.

Da aka zo tambayoyi, mai shirya taron ta ce a taƙaita, kuma da Faransanci ko Ingilishi. Kawu ya ɗaga hannu. Aka ba wani mai gemu da ya yi lacca tasa ta daban, aka ba wata ɗaliba, aka ba wani, hannun Kawu na sama. Sai aka ce lokaci ya ƙare, aka fara tafi. Na ce shi ke nan, mun sha hawan tudu a banza.

Kawu ya miƙe, ya karɓi ƙunshin goron, ya nufi gaba da safarsa. Muka bi shi. Kafin mu kai, matar ta sha gabanmu, kuma takalman Kawu ne a hannunta, ta je ta ɗauko. Ta ce baƙin sun gaji, in yana da saƙo ya faɗa mata da Faransanci ta isar. Kawu ya dube ni ya ce, "Gaya mata ba a aiken gaisuwar rashi in mutum na tsaye da ƙafarsa." Na fassara, na ƙara barkono daga wurina. Na ce mata taron na mutanen da aka hana harshensu ne, ga tsoho ya taso tun daga Paris, kuma a wannan zauren ne za a ce masa sai da Faransanci? Fuskarta ta yi ja. Don Allah ba muguwa ba ce, ita ta yi wahalar haɗa taron, tsarinta kawai take karewa. Amma a lokacin ba ni da wurin ajiye wannan adalcin.

Hayaniyar ce ta sa tsohuwar ta taso da sandarta ta tambayi abin da ke faruwa. Ƙawata ta yi mata bayani da Ingilishi. Ta ce a ba shi hanya. Kawu, da gwiwoyin nan nasa, ya durƙusa har ƙasa, ya ajiye goro da dabino a gabanta, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Baiwar Allah, ya haƙuri? Ya haƙurin ƙanwarki? Ya haƙurin sauran yaran? Mun ji abin da ya same ku tun muna ƙasarmu, nisa ne ya hana mu zuwa. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Waɗanda suka yi muku wannan, Allah ya isar muku. Ku da kuka rayu kuka riƙe harshenku, Allah ya ƙara muku girma."

Ƙawata ta fara fassarawa, tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Ta ɗauki goro ɗaya ta juya shi, ta ce a wurinsu ma ba a zuwa gaban dattijo hannu wofi. Sannan ta nuna takalman da ke hannun matar, ta tambaya na wane ne.

Kawu ya ce na yayansa ne. Na juya na dube shi, don ban san Kawu na da wa ba. Ya ce tare gardi suka tafi da su. Sambol ya kwana a wuyan yayan sau da yawa, don shi bai iya farautar kowa ba. Wata rana cikin bazara ya gudu zai koma gida da ƙafa, bai isa gida ba, bai koma lakwal ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Innarsu ta ce ba za ta karɓi gaisuwar ɗan da ba ta ga an binne ba, saboda haka ba a yi zaman makoki ba. Ga shi ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa don kunya, sai sunan ya ɓace a gidan gaba ɗaya. Ya ce, "Sunansa Nomau. Da kuskure na tuɓe takalman nan, amma da na ji ko na mene ne, sai na ga shi ba shi da na ajiyewa. Ba takalmi aka tafi da mu. In bai dace ba a ba ni abina, wurin naku ne."

Tsohuwar ta miƙa hannu, matar ta ba ta takalman ba musu. Ta dogara sandarta ta fita, mutane suna buɗa mata hanya, muna biye. Ta sunkuya da kanta ta ajiye su a tsakiyar ƙananan. Da ta ɗago sai ta ce wa ƙawata ta maimaita mata kalmomin da ya fara faɗa. Ƙawata ta faɗa, ta sake faɗa. Tsohuwar ta kama hannun Kawu da hannu biyu ta ce, da Hausarta da ta karkace, "Ya haƙuri." Ta kuma kira sunan Nomau. Kawu ya buɗe baki zai amsa, amsar da kowane Bahaushe ya sani tun yana yaro, ta ƙi fita. Tunda nake ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Da safa ya sauko tudun, ya ƙi karɓar nawa, ya ce bai haukace ba da zai sa takalmin mata a garin mutane. A wani shago kusa da tasha na saya masa silifa na roba, su kaɗai ne daidai ƙafarsa. Haka ya shiga jirgin yamma, babbar riga da hula da silifan wanka, ana kallonsa yana kallon mutane. Ƙawata ta ce yau dai Badamagare ya yi shigar da ta dace da shi. Bai rama ba, sai ta gyara masa mayafi a kafaɗa.

Ni abin da na taho da shi daga Lyon kaɗan ne, amma ya zauna. Na daina rage murya in ina waya da Hausa a cikin jirgi, wanda abin ya dama ya canza kujera. Na kuma gane shirun da ake yi a gidajenmu ba duka ne haƙuri ba, wani ciwo ne da ba a samu wanda zai zo gaisuwa ba. Mutanen Kanada sun ƙi yin shiru, sun ƙi ɓacewa, kuma albarkacin taurin kansu ne na san ina da wani kawun.

Mun iso gida bayan isha'i. Ko hula bai cire ba ya ce in kira masa mahaifiyata a Damagaram. Ta ɗauka tana tambayar idanu da sanyi da hanya, ya bar ta ta gama. Sannan ya ce, "Ranar Juma'a ki sa a yi waina a raba, ki buɗe ƙofa, ki shimfiɗa tabarmi. Duk wanda ya tambaya, ki ce zaman makokin Nomau ne."

Can ta ce, "Yaya, ya haƙuri?"

Ya ce, "Haƙuri da godiya."